Martani: Ba Kowane Fayil Ke Dawowa Ba, Malam

Kwanakin baya wani malami mai rubutu a kan harkar kwamfuta ya fitar da maƙala game da abin da mutum zai yi idan fayilolinsa sun lalace ko sun ɓace. Maƙalar ta zagaya sosai, har na fara jin maganganunsa a bakin ɗalibai da yaran shagunan buga takardu, kowa na faɗa da gadara kamar shi ya gano. Wannan ne ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba. Shawara ce mai daɗin ji, ba ta cin kuɗi, ba ta sa wahala, kuma wanda ya bi ta ba zai san an cuce shi ba sai ranar da ba sauran gyara.

Zan fara kawo abin da ya ce ba tare da na ƙara gishiri ba. A ganin Malam, a wannan zamani ba abin da ke ɓata a kwamfuta. Ko ka goge fayil, ko ka zubar da kwandon shara, ko an yi wa faifai fomatin, bayanan suna nan kwance suna jiranka. Abin da za ka yi kawai shi ne ka sauko da manhajar dawo da fayiloli ta kyauta daga intanet, ka ɗora ta, ka danna, ka je ka sha shayi, kafin ka dawo kayanka sun hallara. Ya kafa hujja da faifan da aka tsinto a tarkacen kumbon Columbia, wanda ya ƙone ya faɗo daga sama amma aka ciro abin da ke cikinsa. Ya ce idan fayil ya ƙi buɗuwa, ko kwamfuta ta ce ba ta gane faifai ba, umarnin chkdsk zai daidaita komai. Idan faifai yana ƙara ko ya yi nauyi, a yi haƙuri a bar manhajar ta yi ta lalube ko da kwana za ta yi. Sannan ya rufe da cewa sayen faifai na biyu don ajiye kwafi ɓarnar kuɗi ce ga mai kwamfuta ɗaya a gida, wannan aikin bankuna ne da ma'aikatu, masu gyara da ke tsorata mutane kuwa na cefane suke nema.

Dole a ba Malam haƙƙinsa, domin tushen maganarsa gaskiya ne. Idan ka goge fayil a kan faifan HDD, wato tsohon faifai mai juyawa, kwamfuta ba ta bin bayanan ta kankare su. Tana da wani kundi inda take rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake zaune, abin da take yi kawai shi ne ta je kundin ta sa alamar cewa wurin nan ba kowa. Kamar mai gidan haya ne da ya soke sunan ɗan haya a littafinsa ya ce ɗaki ya zama fanko, alhali katifa da akwati suna ciki. Kayan za su zauna har ranar da aka kawo sabon ɗan haya, a ranar kuwa za a watsar da su. A 2003 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa abin da suka gani bayan sun sayi tsofaffin faifai 158 a hannun 'yan gwanjo. Guda 12 kacal suka samu an share yadda ya kamata, a cikin sauran kuwa sun tono lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane. Saboda haka ba wanda ke musun cewa abin da aka goge yana iya dawowa. Gardamarmu da Malam a kan "yana iya" ne, wanda shi ya mayar da shi "dole ne".

Gizo ya fara saƙa tun daga umarninsa na farko: sauko da manhaja ka ɗora. A ina za a ɗora ta, Malam? Mai kwamfuta ɗaya da faifai ɗaya, wanda shi ka ce kana yi wa magana, ba shi da wurin ɗora ta sai kan faifan da kayansa suka ɓace a ciki. Da hannunsa ke nan zai kawo sabon ɗan haya. Shiga intanet kaɗai yana sa kwamfuta ta rubuta ɗaruruwan ƙananan fayiloli. Sauko da manhajar rubutu ne, ɗora ta rubutu ne, ita kanta Windows ko ba ka taɓa komai ba tana ta rubuce-rubucenta a ɓoye. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana iya sauka daidai kan takardar da kake kuka a kanta, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi ke nan, ko manhajar ta miliyan ce ba za ta dawo da shi ba. Su kansu masu yin manhajojin suna gargaɗi a kan haka. Piriform, kamfanin Ingila da ya yi Recuva, har wani nau'i ya fitar wanda ake ajiyewa a filashi a yi aiki da shi daga can, don kada a taɓa faifan da ake son ceto. Abin da ya kamaci wanda ya goge abu mai muhimmanci shi ne ya kashe kwamfutar nan take, a cire faifan a haɗa shi da wata kwamfutar, abin da aka ciro kuma a zuba shi a wata ma'adana daban. Na bi maƙalar Malam daga sama har ƙasa, ban ga inda ya ce a kashe kwamfuta ba.

Wannan ma duk a kan tsohon faifai ne, domin Malam ya yi rubutunsa kamar har yanzu muna 2005. Yawancin laftof ɗin da ake sayarwa yanzu, har da na tokumbo da yawa, SSD ce a cikinsu, ma'adanar da ba abin da ke juyawa a cikinta. Ita SSD ba ta iya rubutu a wurin da ke da bayani sai ta fara share shi, shi ya sa aka ƙirƙiro wani umarni mai suna TRIM, wanda ya shigo tun Windows 7 a 2009. Da zarar ka zubar da kwandon shara, Windows za ta sanar da SSD cewa ba a buƙatar wuraren nan, ita kuma ta share su da kanta, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Abin takaicin shi ne manhajar dawo da fayil tana iya nuna maka sunan fayil ɗin, da girmansa, da ranar da ka rubuta shi, har da koren ɗigo mai nuna lafiyarsa ƙalau. Ka yi hamdala, ka ciro, ka buɗe, ka tarar ba komai ciki sai sifili. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Filashi da memorin kyamara galibi ba sa samun wannan umarni, shi ya sa ake yawan dacewa a kansu, kuma ina kyautata zaton daga can Malam ya samo labaran nasarar da yake ba mu.

Fomatin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gaggawa, wanda kundi kawai yake sabuntawa, ana iya ciro abubuwa bayansa. Akwai cikakke, wanda tun daga Windows Vista yake bin faifai daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili. Ko na gaggawan ne, wa ke yin fomatin ya tsaya nan? Ana gamawa za a ɗora Windows, a ɗora Office, a ƙara da finafinai da waƙoƙi a matsayin gyara, duk a kan kayan da ake cewa suna nan kwance. Ga kuma BitLocker, makullin da kwamfutoci da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba, musamman tun sabuntawar Windows 11 ta 2024. Idan kwamfutar ta mutu aka cire faifan, ba abin da za a karanta sai da wata lamba mai alƙaluma 48, wadda galibi take ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Mutum nawa ne a cikinmu suka san da asusun wa aka saita tasu?

Sai labarin Columbia, wanda Malam ya ɗora ginin maƙalarsa a kai. Ya faru. Kumbon ya tarwatse a sararin samaniyar Texas ranar 1 ga Fabrairu 2003, mutum bakwai da ke ciki suka rasu, daga baya aka tsinci wani faifai ƙirar Seagate a ƙone, aka kai wa kamfanin Kroll Ontrack a jihar Minnesota, injiniya Jon Edwards ya ciro kashi 99 cikin ɗari na bayanan wani gwajin kimiyya da ke ciki. Amma Malam ya karanta mana rabin labari ya naɗe takarda. Ba manhajar kyauta aka danna ba. Buɗe faifan aka yi, aka ciro farantan cikinsa, aka wanke su da sinadarai, aka dasa su a jikin wani faifan mai lafiya. An kuma taki sa'a, domin rabin faifan ne kawai ke da bayanai, tsohuwar manhajar DOS da ke kansa ta jera su wuri guda, ɓarnar kuma ta fi shafar ɓangaren da ba a rubuta komai ba. Ga kuma abin da Malam ya tsallake: akwai wasu faifai biyu daga wannan kumbo da aka kai wa mutumin nan, bai iya ciro komai daga cikinsu ba. Ɗaya cikin uku, a hannun ƙwararru, da kuɗin hukumar NASA. Wannan ce hujjar da za a ba ɗalibar da ke da laftof ɗaya, kundin digirinta a ciki, a ce ta kwantar da hankalinta?

Babban kuskuren maƙalar, a ganina, shi ne ta haɗa matsaloli daban-daban ta ba su magani ɗaya. Fayil ɗin da aka goge daban, wanda ya lalace daban, kuma lalacewa ita ce ta fi damun mutanenmu. Mun san yadda take faruwa. Kwamfutar tebur ba UPS, ko laftof ɗin da batirinsa ya mutu tun bara sai da caja a jiki yake aiki, kana cikin adana takarda a ɗauke wuta. Ko a zare filashi ana tsakiyar kwafi saboda ana sauri. Fayil ɗin yana nan, sunansa yana nan, amma rabinsa aka rubuta. Ka buɗe Word ta ce ba ta gane shi ba, ko ta zubo maka 'yan akwatuna da alamomi marasa ma'ana. Hoto ya buɗe, kan amarya ya fito, daga wuya zuwa ƙasa toka-toka. Me manhajar dawo da fayil za ta yi a nan? Aikinta ta nemo abin da ya ɓace. Ba ta san abin da ka rubuta a babi na huɗu ba, balle ta ƙarasa maka.

Akwai dabarun da ake gwadawa a irin wannan hali, kuma da Malam ya kawo su da ya amfanar. Na farko, a yi kwafin lalataccen fayil ɗin, duk gwajin da za a yi a kan kwafin. Word tana da zaɓin Open and Repair a wurin buɗe fayil, kuma idan ba a canza saitinta ba tana ajiye kwafin gaggawa duk minti 10, wanda sau da yawa yake bayyana da kansa bayan an kawo wuta. Fayil ɗin docx a haƙiƙa ƙunshin zip ne, idan ka canza ƙarshen sunansa zuwa zip kana iya buɗe shi ka tsamo rubutun da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci abin da Word ta ƙi, LibreOffice ko Google Docs su karɓa. Masu ɗaukar bidiyon biki sun san wani nau'in: batirin kyamara ya mutu ana cikin ɗauka, fayil ɗin MP4 ya fito da girmansa amma ya ƙi kunnuwa, saboda kyamara ba ta samu damar rubuta jadawalin da ake karanta shi da shi ba. Ana iya gyara wannan idan an samo wani bidiyo mai lafiya daga kyamarar. Duk waɗannan gwaji ne, wani ya yi, wani ya ƙi, kuma mai gaskiya haka zai gaya maka tun kafin ya fara.

Ko inda aka dace ɗin, Malam bai nuna wa mai karatu yadda dacewar take ba. Ɗauki PhotoRec, manhajar kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, wadda tana cikin mafi inganci. Ita ba ta dogara da kundin faifai, bin faifan take tana shinshino alamar farkon kowane irin fayil. Bayan awoyi za ka tarar da jakunkuna masu suna recup_dir.1, recup_dir.2, haka har abin da ya sawwaƙa, kowace cike da fayiloli masu suna irin f0483920.jpg. Sunayen da ka ba su sun tafi, jakunkunan da ka tsara sun tafi. Hoton sunan ɗanka yana cakuɗe da dubban 'yan hotunan talla da kwamfuta ta kwaso daga intanet shekaru uku da suka wuce. Takardar da kake nema ta fito sau goma sha, wasu tsofaffi, wasu guntaye, sai ka buɗe kowace kafin ka san wadda ta fi kusa da ta ƙarshe. Manyan fayiloli da aka rarraba a wurare daban-daban na faifai kuwa sau da yawa rabi-rabi suke fitowa. Wannan ne shan shayin da aka yi mana alkawari?

Ban ma taɓo jabun filashi ba, wanda aka rubuta 64GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64GB, alhali cikinsa bai fi 8 ba. Kana zuba kaya yana karɓa, sunaye suna jeruwa, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ko dai ya hau kan na baya ko ya bi iska. Nan ba abin da za a dawo da shi, don tun farko ba a ajiye shi ba. Ƙaramar manhajar H2testw, wadda aka rubuta wa mujallar c't ta Jamus, tana tona asirin irin wannan filashi, amma ranar da aka saye shi ake gwadawa.

Shawarar chkdsk ita ce ta fi tayar mini da hankali. Aikin wannan umarni shi ne ya daidaita kundin faifai don Windows ta ci gaba da aiki. Bai damu da takardarka ba. Idan ya ga guntayen bayanai da bai san mai su ba, yana iya yanke su ya tara a wata jaka mai suna FOUND.000, da sunaye irin FILE0000.CHK, sannan ya sanar da kai cewa an gyara komai. Kundi ya gyaru, fayil ya zama gutsattsari, kuma alamomin da ƙwararre zai bi ya haɗa shi an riga an goge su. Garin neman gira an rasa ido. Haka nan idan ka sa filashi ko faifan waje Windows ta ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, amsar ita ce a'a. Sau da yawa bayanin farkon faifan ne kawai ya rikice, kuma TestDisk, ita ma ta Grenier, tana iya maido da shi.

Faifai mai ƙara kuwa, cewa a bar manhaja ta kwana a kansa, wannan ba haƙuri ba ne, ƙarasa shi ne. A cikin HDD akwai farantai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas, galibi hannun ne ya samu matsala, kuma duk juyin da farantan suka ƙara yana iya kankare fatar da bayanan ke kai. Abin da masu sana'ar suke yi da faifan da ya fara ciwo amma yana karantuwa shi ne su ɗauki hotonsa gaba ɗaya zuwa wani faifan, da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu lafiya kafin ta koma kan masu wuya. Daga nan a ajiye majinyacin a yi aiki a kan kwafin. Wanda ya riga ya fara ƙara, a kashe shi a kai inda ke da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Masu sa faifai a firiza da masu kwance shi a kan benci a tsakiyar hunturu, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Akwai kuma inda ba abin da ya ɓace sam, amma mai bin Malam zai sha wahalar banza. Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya san ƙwayar cutar nan da ke mayar da jakunkuna 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya. Ɗalibi ya dawo ɗaki ya ga aikinsa ba ya nan, hankali ya tashi, abokai su ce a yi fomatin. Alhali ɓoye su kawai aka yi. A fara kashe cutar da manhajar rigakafi, kada a danna 'yan kibiyoyin, sannan umarnin attrib -h -r -s /s /d a kan filashin ya fito da komai. Layi ɗaya ne, amma sai wanda ya tsaya ya gane ciwon kafin ya nemi magani.

Yanzu mu zo kan kalmar kyauta. Recuva da PhotoRec da Windows File Recovery da Microsoft ta fitar a 2020 kyauta ne, ba musu. Amma wanda hankalinsa ya tashi ya shiga intanet yana nema, ba su zai fara cin karo da su ba. Zai faɗa kan waɗanda za su yi binciken kyauta, su jera masa fayilolinsa yana gani, ya danna ciro su ce ya kawo daloli. Me zai yi? Abin da aka saba, ya nemi wadda aka fasa. Ta cikin irin waɗannan fasassun manhajoji ne cutar garkuwa da fayiloli mai suna STOP ko Djvu ta fi shiga kwamfutocin gida. Takan kulle duk takardu da hotuna, ta ƙara wasu haruffa a ƙarshen sunansu, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt tana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya dala 980 ne, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Kamfanin Emsisoft ya fitar da mabuɗi kyauta a 2019, akwai kuma shirin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa da wasu kamfanonin tsaro a 2016, amma mabuɗan ba sa buɗe kowane nau'i. Mutum ya fita neman fayil ɗaya ya dawo an kulle masa dubu goma. Wannan ma a ce masa ba abin da ke ɓata a kwamfuta?

Duk wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi kowace illa, wai ajiye kwafi aikin bankuna ne. Wace manhaja ce ke dawo da fayil daga laftof ɗin da ɓarawo ya tsallaka katanga da shi? Wace ce ke aiki bayan gobara ko ambaliya? Banki yana da injiniyoyi da kuɗin kai faifai ƙasar waje. Talakan da Malam ke tausaya wa shi ne ba shi da kowa, shi ne kuma kwamfutarsa ta riga ta yi shekaru a hannun wani kafin ta iso gare shi, ga zafi, ga ƙura, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama. Kuma faifai ba kullum yake yin sallama ba shi ma. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari a kan faifai sama da 100,000, suka gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a ma'aunin lafiyar faifai da ake kira SMART. Ko Microsoft sai da ta janye sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2018 kwanaki kaɗan bayan fitowarta, saboda ta goge wa wasu mutane fayiloli.

Tunda Malam mai son labari ne, ga wanda ya fi dacewa da mu. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi. Suka koma kan kwafin ajiyar kamfani suka tarar ba shi da lafiya. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, ta haihu tana aiki daga gida, saboda haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. A bargo aka naɗe kwamfutar aka ɗauko ta a mota zuwa ofis, fim ya fito a 1999. Kamfanin da ke cike da injiniyoyi bai tsira da manhajar dawo da fayil ba, kwafi na biyu a kwamfutar gida ne ya fid da shi. Su ma da suka ajiye kwafi ba su riƙa gwada shi ba, saura ƙiris su yi kuka.

Batun tsada kuma, a yi lissafi da gaskiya. Google yana ba kowane mai asusu 15GB kyauta, OneDrive yana ba da 5GB. Kundin digiri ko littafin lissafin shago bai kai nauyin bidiyon barkwanci ɗaya da muke turawa a WhatsApp ba. Wanda ba ya son wannan ya tura wa kansa ta imel duk ranar da ya yi aiki mai yawa, da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin, don idan na yau ya lalace a koma na jiya. Hotuna da bidiyo su ne ke buƙatar faifan waje, kuma Windows tana da File History tun 2012 mai yin kwafin da kanta. Mai ɗaukar hoto Peter Krogh na Amurka ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda bai iya uku ba ya yi biyu. Sai dai a kula, faifan da ke maƙale da kwamfuta dare da rana cutar garkuwa tana kulle shi tare da sauran, saboda haka a gama kwafi a zare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan masu gyara, na yarda da Malam rabi. Akwai baragurbi, akwai wanda duk ciwon da ka kai masa fomatin ne maganinsa. Amma gyaran wannan shi ne a koya wa mutane abin da za su faɗa a shago: kada ka yi fomatin, kada ka ɗora Windows, fara kwashe mini kayana. Kuma duk wanda zai iya ciro takardarka zai iya ciro hotunan iyalinka da ka goge tun shekaru, don haka a zaɓi mai amana, in da hali a zauna a yi aikin a gabanka.

Ina roƙon Malam, da girmamawa, ya sake ɗaukar alƙalami ya gyara wa mutanen da suka yarda da shi, ko da sakin layi ɗaya ne: a kashe kwamfuta, kada a ɗora komai a kan faifan da abu ya ɓace a ciki, kada a kunna faifai mai ƙara. Kai kuma mai karatu, ka duba kwamfutarka ka ware abin da in ya tafi ba ka da inda za ka samo shi, ka kwafe shi zuwa wani wuri yau, sannan ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa.